Tsakanin Ruliye da Rulir

Matso kusa ka ji, wannan ba maganar ɗaga murya ba ce. Shekaru sun ja, mutanen da nake tsoro a lokacin sun tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya, amma har gobe in zan ba da labarin nan sai na waiga bayana tukuna. Ko na manta da komai a duniya ba zan manta da wata Asabar ba, ranar da na tsaya gaban manyan Zongo zufa tana bin ƙafata har cikin takalmi, duk a kan wutsiyar wata kalma ta Faransanci.

Ni baduku ne, ɗan baduku. A nan Zongon Kwatano aka haife ni, a gidan da nake zaune har yanzu, kuma in ka cire masallaci da wurin masu sayar da fata, zaure shi ne duniyata. Unguwar Ganhi da take nan kusa sai in shekara ban taka ta ba. Ina ɗinka kube da jaka da gafakar Alƙur'ani. Karatuna na allo ne, ina rubuta ajami daidai gwargwado, lakwal kuwa, wato makarantar boko, ko ƙofarta ban taɓa shiga ba. Lambobin boko kaɗai na sani. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina zaune ina jan zare na kwashi yaren Fon, na kwashi Yarabanci, na kwashi Faransancin rediyo. In na kwaikwayi mai karanta labarai, har da gyaran muryarsa, sai mutane su yi ta dariya suna cewa wannan ai ya fi mushe, wato malamin lakwal. Har tafinta ake kira na in yi idan wani ɗan kasuwa ya yi baƙo. (Tsakanina da kai, rabi nake ji, ɗaya rabin kuma in cike da abin da ya kamata a ce an faɗa. Ba a taɓa kama ni ba. Abin da ya cuce ni ke nan.)

Lokacin juyin juya hali ne. Kowa ya zama kamarad. An hana durƙuso, an hana “ranka ya daɗe”, gaisuwa ta koma ɗaga dunƙulallen hannu. Alhaji Sule, babban dillalin shanu wanda aka naɗa delege, wato wakilin unguwarmu, ya zama Kamarad Alhaji, kuma in ya ɗaga hannu carbi yana reto a ciki. Ana dariya a cikin gida, amma a waje kowa yana auna bakinsa. Wani tela maƙwabcinmu ya yi wata 'yar raha a kan launin tuta, aka tafi da shi kwana uku. Da ya dawo ya daina raha gaba ɗaya.

A wannan zamanin aka buɗe mana ɗakin karatu a bayan ofishin unguwa. Ɗaki ɗaya ne, benci huɗu, kanta biyu. Littattafai kaɗan ne, abin da ya fi yawa jaridu ne da mujallu. Mai kula da shi Madam Selestin ce, tsohuwar malamar makaranta, bazawara mai 'ya'ya uku, tana zuwa daga unguwar Agontinkon a kan ɗan babur ɗinta mobilet kullum da safe. Ta koyi Hausa lokacin da take koyarwa a arewa, tana jin ta sosai, sai dai in ta yi sauri namiji ya koma “ki”. Mu da ba mu karanta boko ma muna son ɗakin. Masu shanu sukan zo su duba wata mujallar kiwo mai hotunan cututtukan dabbobi, ita kuma ta karanta musu ta fassara. Mata sukan leƙo a kan mujallar lafiyar yara.

To, ka san iskar Kwatano. Danshin teku ba ya barin takarda. 'Yan wayoyin da aka maƙale mujallu da su suna tsatsa, tsakiya ta zube, kyankyaso ya ci gefe. Sai Alhaji ya kira taro bayan la'asar, aka aiko a kira ni tunda maganar ɗinki ce.

Alhaji ya ce, “Kamarad Madam, ni abu ɗaya na sani. Jiya na sayi gyaɗa a ƙofar masallaci, aka ƙunsa mini ita a hoton saniyar nan mai ciwon kofato da muka duba makon jiya. Saniyata a hannun mai gyaɗa! A tattara komai a ɗinke, a yi masa bango kamar na ofisoshin Ganhi.”

Madam ta ce, “Komai, Kamarad Alhaji?”

“Komai. Har jaridar yau.”

Ta ɗauko mujallar kiwo guda goma sha biyu, ta miƙa wa kowa ɗaya a kan benci. Sannan ta karɓe su duka ta ɗora a cinyar Alhaji. Ta ce, “Ɗazu mutum goma sha biyu suna dubawa. Yanzu kai kaɗai ne, sauran suna kallon rawaninka. Haka ɗinki yake yi.”

Aka yi dariya, Alhaji ya ce to a bar mai gyaɗa ta ƙarasa sauran ke nan? Ta ce a'a, akwai abin da ya kamata a ɗinka, amma ba komai ba, kuma ba yanzu-yanzu ba. Ba a ɗinke shekara sai ta cika, fitowar watan ƙarshe kuma takan makara a jirgin ruwa har wata biyu ko uku. In lamba ɗaya ta ɓata sai a jira a nemo ta, don bayan an ɗinke ba ta da ƙofar shiga. Jaridar kullum takardarta ba ta da ƙwari, kafin shekara ta zama kamar busasshen ganye, asarar fata ce. Abin da ake ɗinkewa shi ne wanda mutane suka rage rububinsa amma har yanzu ana dawowa ana nema.

Ni fa ban iya zama a taro ban sa baki ba. Na ce ai mu littattafanmu na malamai ba a ɗinke su. Warƙa-warƙa suke, malam ya raba wa almajirai goma su yi karatu lokaci guda, in an gama a haɗa a sa tsakanin tadarishi, wato bango biyu na kwali da fata, a ɗaure da igiya. Madam ta tafa hannu. Ta ce, “Baba Baduku, kin gama magana!” Aka tsaya a kan haka: na bana a yi musu tadarishi, jaridu a bar su, cikakkun shekarun mujallar kiwo da ta lafiya kuma a ɗinke. Na koma gida kaina ya kusa taɓa rufin zaure.

Kafin a tashi ta faɗi wata magana da na ji da kunnena amma ban ajiye ta a inda ya kamata ba. Ta ce Kamarad Sufeto, mai duba ɗakunan karatu, zai zo ranar Asabar ta sama. Ya riga ya gargaɗe ta cewa in ya ga wani abu na 'yan mulkin mallaka an ɗora a kanta ana girmama shi, zai rufe ɗakin, ita kuma ta san inda za ta nemi abincin 'ya'yanta. Ga shi an tura ta ƙauye horon aƙida da noma, ba za ta dawo ba sai ranar da zai zo. Alhaji ya ce lallai a ɗinke ko da littafi ɗaya ne a nuna wa baƙo.

Washegari da safe na je karɓar aiki. Ta riga ta tayar da mobilet, jakarta a ɗaure a baya. Ta shigo da sauri ta nuna mini tari biyu a kan tebur, kowanne an ɗaure shi da igiya, da 'yar takarda a samansa. Da yake ta san sunan da na yi a Faransanci, sai ta faɗa da shi. Ta dafa na farko ta ce, “Wannan a ruliye.” Ta dafa na biyu ta ce, “Wannan a rulir. Kin gane?”

Na ce, “Wi, wi, kamarad.”

Bari in gaya maka abin da ni ban sani ba a ranar. Ruliye shi ne a ɗinke a yi bango. Rulir kuwa shi ne a sake karantawa. Tari na biyun tsofaffin mujallun Turawa ne da aka kwaso daga gidan wani ɗan kasuwa da ya bar ƙasar, kuma ta ware su ne don kwamiti ya sake dubawa ya ga ko za a ajiye ko za a ƙone. Ainihin abin da Sufeto ya yi gargaɗi a kai ke nan.

Kar ka ce kunnena ya gaza. Wallahi na ji bambancin sarai. Da ban ji ba ma da ya fi mini, sai in ɗauki na farko in wuce. Amma na ji ɗaya ta ƙare a sake, ɗaya kuma ta ƙare da “rrr” mai nauyi, sai kaina ya shiga aikin da ya saba. Na ce ai a fili yake. Ruliye ƙaramin ɗinki, rulir babban ɗinki. Na kuwa duba, na farkon takarda ce mai laushi duk ta sha hannun masu shanu, na biyun kuwa sheƙi yake, mai kauri, har ƙamshi yake yi. Wa zai yi shakkar wanda za a nuna wa babban baƙo? Na saɓa shi a ka na yi gida.

Mai ɗakina Hajara ta leƙo zaure ta ga na baje su. Ta ɗaga ɗaya da yatsu biyu.

“Malam, waɗannan na gwamnati ne? Duk Turawa ne a ciki da motoci.”

“Ke ina ruwanki da aikin ofis? An ce rulir.”

“Mene ne rulir?”

“Babban ɗinki.”

“Wa ya gaya maka?”

“Ana gaya mini Faransanci ne?”

Ta ce ga wani mushe yana haya a gidan Alhaji, taku ashirin, in kai masa 'yar takardar ya karanta mini. Na ce ni da ake kira tafinta in je in tsuguna gaban ɗan haya da guntuwar takarda, gobe Zongo ta ji? Ta ce, “To Allah ya sa babban ɗinkin kar ya zama babban kuka,” ta koma madafa. (Shekara talatin da wani abu muna tare bayan haka, kuma ba ta taɓa barin wannan magana ta yi tsatsa ba.)

Na fito da jar fatar da na ɓoye tun tuni don gafakar Liman. Na shafa wa zare kakin zuma. Na jera mujallun bisa lambobinsu, ɗaya zuwa goma sha biyu, na huda da basilla na ɗinke su ɗinkin da ko saniya ta ja ba zai tsinke ba. Damina ce, kullum ina tsoron kar fatar ta yi fumfuna kafin Asabar. In rana ta fito in fitar, hadari ya taso in kwaso da gudu. Na zana tauraron tuta a tsakiyar bango, na yi masa ado a gefe. Sannan na ce littafi ai sai da suna. 'Yar takardar da ke saman tarin, a ganina, sunan littafin ce. Na ajiye ta gabana na kwafi haruffan ɗaya bayan ɗaya kamar mai zanen hula, na buga su a ƙarƙashin tauraro. Har wani ɗigon tawada da ya zuba a gefen harafin ƙarshe sai da na buga shi.

Ranar Alhamis na ɗaga littafin ina yaba kaina, sai na lura da ɓarnar da na yi. Na san Turawa daga hagu suke buɗe littafi, amma hannuna bai sani ba. Hannun da ya shekara da shekaru yana yi wa Alƙur'ani bango ya ɗora tauraro da suna a ɓangaren dama. Wato duk wanda ya ɗaga bangon mai tauraro, bayan mujalla zai fara gani. Na ɗaga a hankali in ga mene ne a wurin. Wata Baturiya ce a bakin teku, riƙe da kwalba, kuma duk abin da ta sa a jikinta bai kai fatar da nake yin laya ɗaya da ita ba.

Na yi a'uziyya na rufe. Ba sauran jar fata, ba sauran lokaci. Sai na yanko farar takarda na dama sitacin rogo, na ɗiga a kusurwa huɗu na rufe ta ruf. Hajara ta ce, “Ka yi mata mayafi ke nan.” Na ce ta yi shiru. Na naɗe littafin a farin ƙyalle na kai wa Alhaji, na ce kar a buɗe sai gaban baƙo. Daga nan har Asabar abinci bai yi mini ɗanɗano ba. Ni duk tsorona a kan mayafin nan yake. Ban san ita ce ƙaramar matsalata ba.

Asabar da hantsi aka jera benci a gaban ɗakin. Ga Liman, ga masu shanu, ga 'yan kasuwa, ga mata a gefe. Aka zaunar da ni a layin gaba cikin rigar sallata. Kamarad Sufeto ya iso, siriri, cikin kaki, da tabarau, fuskarsa kamar ƙofar da aka kulle. Ya gaishe mu da Hausa tsantsa, wanda ya ƙara tsorata kowa, don babu damar gunaguni ke nan.

Alhaji ya fara jawabi, sai ga Madam ta iso, mobilet duk laka. Ta shiga ɗakin ta fito, ta zagayo ta bayana ta sunkuya.

“Baba Baduku, na ga na kiwo suna nan ba ki taɓa ba. Ina ɗaya tarin?”

Na nuna mata farin ƙyallen da ke hammatar Alhaji, har da ɗan murmushi. Na ce, “Rulir. Babban ɗinki.”

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba. Ta dafa kafaɗata. Ta raɗa mini, “Rulir, a sake karantawa. Su ne waɗanda ya ce kar ya gani.”

Alhaji yana ta zuba, ya yabi juyin juya hali, ya yabi ma'aikata, ya yabi shanu, ni kuwa idona yana kan ƙyallen nan. Na yi tunanin in tashi in fizge in ruga, amma ina za ni, ni da ban san hanyar ko'ina ba? Na yi tunanin in faɗi in suma. Na roƙi Allah ya saukar da ruwan sama, wanda ya hana ni sakat kwana goma, amma ranar sararin sama fes. Na tuna tela. Na tuna 'ya'yan Madam uku.

Alhaji ya kira ni da sunan gwanin dukawan Zongo, ya ɗaga dunƙulallen hannu, ya miƙa littafin. Sufeto ya warware ƙyalle. Jar fatar ta ɗauki rana, aka ce “Masha Allah” daga kowane benci. Ya juya littafin ya nemi gabansa, ya same shi a inda bai zata ba, ya ɗaga gira. Ya karanta da ƙarfi.

“A rulir.” Ya dubi jama'a. “Wato, a sake karantawa. Ga tauraro kuma. To bari mu ga abin da juyin juya hali yake so mutanen Zongo su sake karantawa.”

Ya ɗaga bangon, yana fuskantar da shi ga jama'a don kowa ya gani. Danshin damina ya riga ya yi aikinsa. Mayafin ya saki Baturiya ya manne wa fata, ya tafi tare da bango.

Liman ya ce “A'uzu billahi” ya ja bakin rawani ya rufe ido. Hannun Alhaji ya tsaya a sama, carbi yana lilo, ya rasa ko ya sauke ko ya bari. Mata suka yi salati. Can daga bencin baya wani mai shanu, Allah ya yafe masa, ya ce, “Kamarad, a ɗan ɗaga sama, mu nan ba mu gani.”

Ba wanda ya yi dariya. Sufeto ya juya littafin gare shi, ya yi ta buɗa shafi a hankali. Motoci, turare, hotunan gwamnonin da, taswirar da ke kiran ƙasar da tsohon sunanta. Ya rufe. Ya ce, “Kamarad Selestin, wa ya ba da umarni a yi wa waɗannan riga irin wannan?”

Ta san amsa, ga ni zaune a gabanta, amma ba ta ko dube ni ba.

Ya miƙa hannu. “Makullin ɗakin.”

Na ga ta buɗe jaka tana lalube. Ban san lokacin da na tashi ba. Na tsinci kaina a durƙushe a gabansa, gwiwa biyu a ƙasa, ina cewa, “Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ni ne!”

Ka ga, a numfashi ɗaya na ƙara laifi biyu a kan na farko.

Ya ce, “Tashi. Babu sarki a nan.”

Na tashi, na ɗaga dunƙulallen hannu don gyara ɓarna, na ga bai dace ba, na sauke. Na ce Madam ta nuna mini tari biyu, ta faɗi komai daidai, ni ne na zaɓa. Ya ce me ya sa na zaɓi wannan? Na ce saboda shi ne rulir. Ya ce mene ne rulir a wurina?

Na ce, “Babban ɗinki, kamarad.”

“Ruliye fa?”

“Ƙaramin ɗinki.”

“Wa ya koya maka?”

Na ce ba kowa, kunnena ne. Wanda ya fi nauyi a baki shi ne babba.

Ya ce in sake faɗa da ƙarfi mutanen baya su ji. Na sake. A gaban duk waɗanda na yi wa tafinta shekara da shekaru. Na hango wani ɗan kasuwa yana shafa gemu, na san yana tuna duk cinikin da na fassara masa.

Sufeto ya nuna rubutun bango ya ce to wa ya rubuta wannan, tunda ba ka karatu? Na ce kwafa na yi daga sunan littafin. Na cire hula na fito da 'yar takardar, don a nan nake ajiye abu mai muhimmanci. Ya karɓa, ya ɗora ta kusa da fatar. Ya dubi wannan, ya dubi wancan. Rubutun hannun Madam ne, kuma yana cewa a sake karantawa, wato ta ware su kamar yadda ya umarta. Ya sa yatsa a kan ɗigon da na buga a gefen harafin ƙarshe.

“Wannan fa?”

“Yana jikin takardar, kamarad. Na ce ko wasali ne.”

Ya cire tabarau. Ya juya mana baya yana kallon bangon ofis, sai muka ga kafaɗunsa suna motsi. Da farko na zata fushi ne ya kai shi haka. Sai wani sauti ya kuɓuce masa ta hanci. Shi ke nan, benci huɗu suka fashe, har Liman yana girgiza a cikin rawani. Ni kaɗai ne a tsaye ina neman ramin da zan shiga.

Da ya goge ido ya ce wa Madam ta mayar da makullinta jaka. Ya ce in warware ɗinkin a kai wa kwamiti mujallun kamar yadda aka tsara. Sannan ya yanke mini hukunci: ajin yaƙi da jahilci da ake yi a ɗakin nan bayan la'asar, bencin gaba, har sai na iya karanta abin da na buga da hannuna.

Kwana goma na yi ina ɗinki, wuni biyu na yi ina warwarewa, kuma kowace mujalla ta fita da layin huda a bayanta wanda ba mai toshe shi. Da na kai su, ban iya ɗaga ido ba. Madam ta ce, “Baba Baduku, ka ga dalilin da ya sa nake jan ƙafa? Ɗinki shi ne na ƙarshe. Sai an gama duk tambaya ake ɗaukar basilla.” Ranar har “ka” ta ce mini, don a hankali take magana.

Bangon kuwa ba a yar da shi ba. Ta sa na yi masa igiya ya zama tadarishi, aka riƙa ajiye duk abin da ba a yanke shawara a kansa ba a ciki, warƙa-warƙa, ba ɗinki. Sunan da ke kansa ya dace da aikinsa a ƙarshe. Aiki mafi kyau da hannuna ya taɓa yi, shi ne ya zama shaidar wautata a kan kanta, kowa ya shigo ya gani. Na ɗinke mujallun kiwo daga baya, bayan na ƙirga na ga lamba goma sha biyun sun cika, bango a hagu, kuma sai da na tambaya sau uku. Tafinta dai ba a sake kira na ba. Sunana ma ya ɓata, har yau jikokin Alhaji in sun wuce zaure cewa suke, “Baba Babban Ɗinki, ina wuni?”

Abin da na koya bai fi wannan ba: kunnena yana kawo mini sauti ne kawai, ma'anar kuwa ni nake ƙera ta a zaure, kuma taku ashirin zuwa gidan mushe sun fi sauƙi a kan durƙuso gaban unguwa guda. Na gaya maka nawa, har da mayafin. Kai fa, tsakaninka da Allah, sau nawa aka tambaye ka “ka gane?” ka gyaɗa kai, alhali ba abin da ka kama sai wutsiyar magana?